Shekarar Kwando Marar Gindi

Duk zuwan da kawunku Saini zai yi daga Bonkuku, tun bai sha ruwa ba sai ya tara ku ya ba ku labarin yadda ya ɗauke kup, kofin gasa, a gaban mutanen garinmu Filinge, ya bar babanku tsaye baki buɗe. Ni kuwa nakan yi shiru ina kaɗa ƙafa, don ba a ƙaryata baƙo a zaure. To yau alƙalami yana hannuna, shi kuma yana can yana fama da ciwon gwiwa. Kup dai ya ɗauka, ban taɓa musawa ba. Amma akwai rabin labarin da yake haɗiyewa, kuma daga wannan rabin kuka fito.

A lokacin ina saurayi, tsawo ya yi mini yawa har ƙofar ɗakin Inna ta san goshina. Wanda ya ga amfanin wannan tsawo shi ne Mushe Garba (Mushe muke ce wa malamin boko), malamin wasanni na kwalejin garinmu, gajeren mutum mai faɗa da usur a wuya. Shi ya koya mana ƙwallon kwando a wani ɗan filin siminti da ke bayan gidan samari, maƙeri ya lanƙwasa mana ƙarfen kwandon, wata tsohuwa ta saƙa ragar da igiya. Mun yi shekaru muna buga abinmu, ba mai kallo sai awaki. Ran nan Mushe ya tashi da wata dabara da kowa ya ce hauka ce. Ya bi manyan 'yan kasuwa na Filinge da Bonkuku da Damana, ya zuga wannan da wancan, yana gaya wa kowane cewa ɗan'uwansa na wancan gari ya riga ya yarda. Kafin su farga kowa ya ɗauki nauyin ekip ɗin garinsu, wato ƙungiyar 'yan wasa, ma'aikatan gwamnati su ma suka haɗa tasu. Aka ɗinka mana riguna masu lamba, aka sayo takalma, aka kuma ce duk wasan da aka buga za a sallami kowane ɗan wasa. Sallamar ba ta taka kara ta karya ba, amma a ƙasarmu ta Kurfai, in ba ɗan kokawa ba, ba a taɓa jin an biya mutum don ya yi tsalle ba.

Ranar kasuwa ake wasa, bayan la'asar, domin ran nan ne kaɗai ake samun motar da za ta kai mu ta dawo da mu. Mukan hau kan buhunan wake, tumaki a ƙarƙashinmu, muna waƙa har muryarmu ta dushe. A Damana ba siminti, matan gari ne suka yi wa filin daɓe kamar na ɗakin amarya, kwandonsu ɗaya kuma ya ɗan karkace, su kaɗai suka san ta inda ake lallaɓa shi. 'Yan kallo da farko ba su san kan wasan ba. In wani ya ture wani ya faɗi, sai wuri ya kaure da guɗa, in alƙalin wasa ya busa ya ce laifi ne, tsofaffi su taso masa da sanduna. Makaɗan kokawa suka gane akwai taro, suka kwaso gangunansu suka riƙa yi mana kirari kamar za mu kama juna. Ni suka sa mini Gawo Mai Tafiya. Ban taɓa jin daɗin duniya irin na wannan rani ba, har yau in na ji ƙarar ƙwallo a kan siminti sai ƙirjina ya amsa.

Mutum ɗaya ne bai ga abin sha'awa a ciki ba, shi ne kakanku. Baba manomi ne na gaske, mai ƙarancin magana, in kuma ya yi ta sai ta zauna. Shekarar nan ƙugunsa ya riƙe, ba ya iya sara, yayana kuma ya tafi Kurmi cin rani bai dawo ba. Ni kaɗai ne namiji mai ƙarfi a gidan, sai Inna da ƙannena mata biyu. Da na je neman izininsa, sai ya sa na kwatanta masa wasan. Na zage ina bayani, yana saurare, can ya tambaye ni in ƙwallon ya shiga kwandon ina yake zuwa. Na ce ai faɗowa yake yi ta ƙasa, kwandon ba shi da gindi. Ya yi dariya har da tari, ya kira Inna ta zo ta ji, wai ɗanta ya samu aikin tara abu a kwandon da ba ya riƙe komai. Da dariyar ta lafa sai ya dube ni.

"Tahi ka yi tsallenka, rani na. Amma ran da ruwan shibka yas sauka, kai nau na, ko wa ka kiranka."

Na amsa da sauri, har da rantsuwar da ba a nema ba. A lissafin Mushe za mu gama tun zafi bai tsananta ba, ina ruwana da ruwan shuka.

Sai dai mun manta da halinmu. Wasan da ke bin kasuwa, in ya kuskure rana ɗaya sai wani mako. Yau mota ta lalace, a ce sai kasuwa mai zuwa. Gobe an yi wa ɗan wasan Damana haihuwa, duk ekip ɗinsu suna wurin suna, mu ma da aka gayyata muna can muna cin nama. Sallah ta zo ta ci nata makonni. Ba wanda ya damu, kowa na cewa ai kasuwa ba ta ƙarewa. Dukanmu 'ya'yan manoma, muna ganin shamuwa ta dawo, muna ganin gawo ya fara zubar da ganye, amma ba wanda ya ce uffan, don ba mu so daɗin ya ƙare. Haka muka yi ta tura final, wasan ƙarshe, gaba har muka kai ta bakin damina.

Mu da Bonkuku muka fito. A nan ne kawunku ya shigo labari. Saini shi ne dogonsu, Bazabarme mai baki, yana tsare ka yana zolayarka da Hausarsa mai gishirin Zabarmanci har ka manta abin da ka zo yi. Mun ci su a gida, sun ci mu a gidansu, kowane gari na cewa nasa dogon ya fi. Ana saura 'yan kwanaki sai Mushe ya zo da labarin da ya hana mu sukuni, wai wani babban mai horar da 'yan wasa zai zo daga Yamai ya kalli final, in ya ga wanda ya yi masa zai tafi da shi. Ba sai an faɗa ba, kowa ya san ni ko Saini ake nufi. Na riga na ga kaina a Yamai, har ina tunanin irin zanen da zan aiko wa Inna.

Gab da asubar ranar final hadari ya taso daga gabas, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Tun da aka haife ni ban taɓa jin ruwan farko gabana ya faɗi ba sai ran nan. Ina jin Inna tana tara tukwane tana hamdala, yara a maƙwabta suna ihu, ni kuwa na zauna a bakin gado kamar wanda aka aiko wa da rasuwa. Muka dawo daga masallaci. Sai na iske Baba ya bar mini sungumi jingine a ƙofar ɗakina, a kan takalman wasana.

Ku da kuka tashi a gari ba lalle ku gane ba. Gonarmu jigawa ce, tana can tudu, tafiya ce mai ɗan nisa. Rairayi ba ya riƙe ruwa, in rana ta buɗe a kansa yau, gobe laima ta nutse, wanda bai shuka ba sai ya jira wani ruwan da ba wanda ya san ranarsa. Gonar kuma babba ce, ni kaɗai ina sara, mata uku suna bina suna zuba iri suna rufewa da diddige, ko mun kai magariba ba za mu gama ba. A can gari kuwa biyu daga cikin ekip ɗinmu sun riga sun gudu ƙauyukansu shuka, saura mutum huɗu. In ba ni, ba su cika biyar ɗin da ake shiga fili da su ba, doka kuma ta ce wanda bai cika ba an cinye shi ba tare da an taɓa ƙwallo ba. Mushe da kansa ya kafa dokar.

Hantsi bai gama ɗagawa ba muna gona muka ji kukan mobilet ɗin Mushe, 'yar babur ɗinsa, tana fama da rairayi. Ya sauka ya durƙusa ya gaida Baba, ya yi barka da ruwa, sannan ya shiga roƙo. Ya kawo zancen baƙon Yamai, da 'yan kasuwar da suka ce in final ta watse ba su ƙara sa hannu, da mutanen da suka taso daga garuruwa. Baba yana zaune a gindin aduwa da sandarsa, ya bari har ya gama.

"Mushe, ƙwallon nan naku, in ya kwana tsami shikai?"

Mushe ya ce a'a.

"To laima ba ta kwana. Amma ga shi nan tsaye, ban ɗamre shi ba. Shi yad ɗauki alkawali, shi ka sanin nauyinai."

Da ya hana ni da faɗa, da ya fi mini sauƙi. Mushe ya zuba mini ido, Inna ta tsaya da ƙwaryar iri a hannu ba ta dube ni ba. Na dubi gonar, ko kashi ɗaya cikin huɗu ba mu ci ba. Na dubi tsohon nan da ko miƙewa sai ya dafa itace. Na ɗaga sungumi na ci gaba da sara. Na ji mobilet ta tashi tana nisa, na yi kuka sosai, na gode Allah da gumi ya rufa mini asiri.

Rana ta ɗaga sosai sa'ad da ƙanwata ta ce tana jin ganga. Na ce mata yunwa ce. Can sai ga babbar motar Bonkuku tana tangaɗi a kan hanyar shanu, cike da mutane, ana waƙa da Zabarmanci. Ta tsaya a bakin gona, dogaye suka yi ta dirowa, nasu da namu, kowa da sungumin da aka aro wurin maƙeran kasuwa, bayansu makaɗa da 'yan mata masu tallar da suka biyo don ganin ƙwal. Ashe su can ko ɗigo ba a yi ba, sai da suka kusa Filinge suka ga ƙasa jiƙe. Da Mushe ya gaya musu kup ya zama nasu a ɓagas, sauran sun fara murna, Saini ya ce shi ba ya cin mushe. Ya zo ya cire hula ya durƙusa a gaban Baba.

"Fofo, Baba. An ce gona ta kama ɗanka, mun zo belinshi."

Sannan ya juyo gare ni, ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Kai Gawo, so kake in ɗauki kup a ce ruwa ya ba ni? Wallahi sai na kada ka da hannuna, gaban mutanen garinku."

Kada ku ɗauka tsabar kirki ce ta kawo shi, rabinta girman kai ne. Amma na rungume shi da laka a jikina, shi ma bai ture ni ba.

Aka ja layi, ganga ta ɗauka. Ban taɓa ganin gayya irin wannan ba, kuma ba na zaton Kurfai ta sake ganin irinta. Shuka da taki ake auna ta, taki ɗaya sara ɗaya, to ga mutanen da aka zaɓo saboda tsawon ƙafa. Rami a nan, na gaba yana can. Baba da aka ce ba ya iya miƙewa sai ga shi tsaye yana bin mu da sanda yana faɗa.

"Ku rage taki, 'yan nema! Hatsi nika shibkawa, ba gawo ba!"

Mushe ya raɗa mini in tura Saini gefen da ƙasa ta fi tauri don hannunsa ya mutu kafin la'asar. Na tura shi, shi kuwa ya gane, sai ya ce in ni namiji ne in zo kusa da shi mu ga wanda zai riga kai ƙarshen kunya. Makaɗa suka zuga, 'yan mata suka yi guɗa, muka manta da wata final muka shiga tsere kamar mahaukata. Furar Inna ta ƙare tun ba a je ko'ina ba, ta aika gida aka kwaso duk abin da ke akwai, tana faɗa tana dariya wai an kawo mata farin ɗango. Azahar na wucewa aka rufe ramin ƙarshe. Muka yi salla a bakin gona, Baba ya yi doguwar addu'a. Da aka zo tafiya, ba wanda ya gayyace shi, muka ga ya buɗe gaban mota ya shiga, wai zai je ya ga abin da ke sa manyan mutane hauka.

Wasan da aka yi ran nan, in don iyawa ne, bai kamata a ba da labarinsa ba. Gari kaf ya taru, har kan katanga da rassan bedi. Mu kuwa tafin hannu duk ya yi bororo, kafaɗa ta ƙi ɗaguwa. Ka jefa ƙwallo da iyakar ƙarfinka ya faɗi tun bai ga kwando ba. Mutum ya yi niyyar tsalle, ƙafa ta ce ba da ita ba. 'Yan kallo da suka san inda muka wuni suka yi ta dariya suna tafa mana, duk ƙwallon da ya yi kuskure ya shiga sai a yi ta kiɗa kamar an ga wata. Baƙon Yamai yana zaune a kujerar gaba da farar riga yana fifita, yana duban Mushe yana duban mu. Ana dab da tashi suna gabanmu da maki ɗaya, ƙwallo ya zo hannuna a ƙarƙashin kwando, wurin da ko idona rufe ba na kuskurewa. Na tashi, hannuna ya ƙi bin umarni. Ƙwallon ya lashi bakin ƙarfe, ya yi kamar zai shiga, ya gangaro hannun Saini. Aka busa.

Ga rabin da kawunku ba ya faɗa. Da aka miƙa masa kup ɗin, ya yi yunƙurin ɗaga shi sama yadda ake yi, hannu ya tsaya masa a ƙirji. Ya sake gwadawa, ya kasa. Sai da ni da ya kayar na kama masa gwiwar hannu ɗaya, wani ya kama ɗayar, sannan kup ya ga sama. In ya zo ku tambaye shi a gabana.

Baƙon ya yaba mana da zumunci, ya hau motarsa ya koma, bai ɗauki kowa ba. Ni da Saini ba wanda ya taɓa buga wasa a Yamai. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya daɗe yana ci mini rai, shekaru in na ji ana ba da labarin wasa a rediyo sai in tashi in bar wurin. Shi ma ya yi hasarar da na yi, a kan gonar da ba ta ubansa ba, kuma ko sau ɗaya bai taɓa goranta mini ba, duk bakin nan nasa.

A hanyar gida ina tafe a bayan Baba, jira nake ya yi mini ba'ar kwando marar gindi. Ya yi ta tafiya har muka kusa ƙofa, sannan ya tsaya ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce alƙalin wasan nan ba shi da tsoron Allah, kowa ya ga an riƙe mini riga. Inna da ta ji shi yana ta bayanin laifi da jifa sai ta riƙe haɓa.

Bayan 'yan kwanaki, da sassafe, na ji ana buga mini ƙofa da sanda. Baba ne, ya ce ya ga walƙiya ta yi kudu, kuma mai motar da ya kwana a hanya ya tabbatar masa Bonkuku ta sha ruwa.

"Tashi ka tara min ekip ɗinka. Gayya ba a cin ta a kwana."

Ranar ce ya fara kiran ekip da sunanta. Muka cika mota muka tafi, har da Mushe da usur ɗinsa. A gonar mahaifin Saini aka sa wata yarinya ta bi bayana da iri, ƙanwarsa ce. Tun daga kunyar farko take yi mini tsiya, wai takina ya yi faɗi, wai ashe ni ne wanda aka ce ya tsaya a gindin kwando ya kasa, wai in sara ma haka nake yi gara in ba ta sungumin. Na juya in rama, na ga fuskarta, maganar ta ɓace mini. Innarku ke nan, kuma kun san har yau ba ta gama wannan tsiyar ba.

Gasar ta yi shekaru tana gudana bayan haka, kuma ba a sake barin final ta ga shamuwa ba. Gonarmu kuwa ta fito da layuka masu ban dariya, wani wuri cunkus, wani wuri sai ka bi da jaki ba ka taɓa kara ba, masu wucewa suna tambaya ko raƙuma ne suka yi shukar. Duk da haka ta yi kyau. Da kaka, ranar da muka gama jera dammuna a rumbu, har aka rasa inda za a sa na ƙarshe, ni ina sama ina karɓa, Baba yana ƙasa yana kallo. Lokacin an riga an kai goron tambaya Bonkuku. Ya daɗe yana duban rumbun, ya dubi hanyar kudu, sannan ya ɗago kai ya kira ni da sunan da makaɗa suka sa mini, abin da bai taɓa yi ba.

"Gawo, kwandon nan naka dai ba shi da gindi, ban canza magana ba. Amma dibi abin da yaz zubo muna."